Hannun Da Ya Rubuta Babi Na Huɗu

Haulatu tana tsakar gida tana tsintar shinkafa ta ji ana karanta rubutunta a lasifikar masallacin unguwa. An idar da La'asar ke nan. Mai wa'azin ya ce yau ba zai ja karatun da ya saba ba, domin akwai gubar da ake ɗura wa 'ya'yan Musulmi a makarantun boko, kuma ga ta a hannunsa. Aka ji ƙarar buɗe takarda, sannan ya karanta a hankali, yana jan kowace kalma:

"Sarakunan da suka mulki Daura kafin jihadi Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, ko da yake sun cakuɗa da al'adun kakanni. Da yaƙi ya ci su sai suka fice da iyalansu, wasunsu suka zauna a Zango. Waɗanda suka yi korar da waɗanda aka kora, duk alƙibla ɗaya suke kallo."

Sannan ya ce, "Kun ji ko? Wato masu jihadi 'yan'uwansu Musulmi suka yaƙa. Abin da ake koya wa 'ya'yanku ke nan, a ƙasar da ta ce ta rungumi Shari'a."

Farantin ya karkace a cinyarta, shinkafar ta zube ƙasa, kaji suka yo kanta. Ba ta kore su ba.

Ta san wannan jimlar kamar yadda ta san tafin hannunta. Ita ta rubuta ta, ta soke, ta sake, har ta zauna daidai. Duk ɗan littafin tarihin nan mai koren bango, wanda 'yan aji biyar da aji shida suke karantawa a makarantun firamaren ƙaramar hukumarsu, daga shafin farko har na ƙarshe aikinta ne. Amma sunan da ke bangon na mijinta ne, Malam Sama'ila Harisu, mai duba makarantu a ofishin ilimi. Lokacin da za a kai littafin Kano a buga, cewa ya yi da ita, "Littafi da sunan mace, wa zai sa hannu a shigar da shi makaranta? Ni da ke ai abu ɗaya ne." Ta yarda. Ranar da aka ƙaddamar da shi, shi aka ɗauka hoto, ita tana gida tana tuƙa tuwon baƙi.

Sama'ila ya shigo kafin Magariba, ya jingine babur a zaure. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Malam, ka ji abin da aka yi a masallaci?"

"Ina sahun gaba, ta yaya ba zan ji ba?" Ya cire hula ya share gumi. "Wannan ba aikin addini ba ne, aikin Alhaji Kabo ne. Shi ya kai wa malamin nan littafin, har da jan layi a ƙarƙashin wurin da za a karanta."

Ba sai ya yi mata bayani ba. Kujerar sakataren ilimi ta ƙaramar hukuma ce babu kowa a kai, kuma su biyu suke nema, shi da Alhaji Kabo. A wancan lokacin, shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a a jihar, duk mai neman muƙami sai ya nuna ya fi abokin takararsa kishin addini, in bai samu hanyar nunawa ba sai ya nemo abin da zai shafa wa ɗayan.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika gari. A teburin mai shayi da tashar mota ba a hirar komai sai babi na huɗu. Wasu suka ce a ƙone littafin. Wasu kuma, musamman waɗanda suke jin kakanninsu ne aka kora a wancan yaƙin, suka ce littafin gaskiya ya faɗa, wanda ya taɓa shi ya taɓa su. Mutanen jam'iyya mai mulki suka ɗauki gefe, na adawa suka ɗauki ɗayan, kuma akasarin masu ɗaga muryar ko bangon littafin ba su taɓa buɗewa ba. Sai aka kafa kwamiti na malamai da 'yan boko da wakilin ciyaman, aka aiko wa Sama'ila ya bayyana ranar Alhamis.

Da safiyar ranar Haulatu ta kawo masa koko da ƙosai, ta zauna gefen tabarma da littafin a hannu.

"Malam, ka ce musu su juya shafin da ke biye. Can na yi bayanin zaluncin da ya jawo jihadin, da haraji mai nauyi, da yadda malamai suka yi ta jan kunne ba a ji ba. Malamin nan rabi ya karanta ya ajiye rabi."

"Na ji."

"Ko in sa hijabi mu tafi tare? In zauna daga ciki, in an yi tambaya in amsa."

Ya ajiye ludayin ya dube ta. "Ina raye matata ta je tana kare kanta a gaban maza? Littafina ne, ni zan tsaya masa. Ki kwantar da hankalinki."

Maganar ta yi mata daɗi har cikin rai. Ta raka shi zaure, ta riƙe masa jaka har ya tayar da babur.

Bayan Azahar ya dawo fuska a sake, da ƙunshin balangu a hannu. Ya ce an kashe wutar, kowa ya fahimta. Ta tambaye shi ko sun karanta shafin da ke biye, ya ce ta bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Suka ci naman tare da 'yarsu Zubaida, wadda take aji shida a makarantar da uwar take koyarwa. Ranar Juma'a ya ce kada ta je aiki, ta huta. Ta huta.

Ranar Litinin, tana shiga harabar makaranta ta lura malaman da suka saba tsayawa su gaisa da ita sun sami abin kallo a wani gefe. Ba ta kai ƙofar ajinta ba hedimasta, Malam Jibril, ya leƙo ya kira ta ofis. Dattijo ne mai kunya, ya daɗe yana gyara takardun da ke kan teburinsa kafin ya yi magana.

"Malama, na ɗauka ba za ki zo ba. Maigidanki bai gaya miki ba?"

"Ya ce an daidaita."

Malam Jibril ya sunkuyar da kai. "Ina wurin. Ya miƙe a gaban kwamiti ya rantse da Allah babi na huɗu ba nasa ba ne. Ya ce shi ya rubuta sauran littafin, ya ba ki ki kwafe masa da kyakkyawan rubutu, ke kuma kika cusa wannan babin ba da saninsa ba, saboda ke mutuniyar Zango ce, kina da abin da ke ranki. Ya ce bai gani ba sai da aka buga, kunya ce ta hana shi tona wa iyalinsa asiri. Har da hawaye, Malama."

Ta dafa bayan kujera.

"Kwamiti ya ce a dakatar da ke sai abin da hali ya yi. Wallahi ba da son raina ba. Ni na san aikinki."

"To ka faɗa musu haka?"

Ya ci gaba da gyara takardun.

Ta fito ta bi ta gaban ajinta. 'Yan aji shida suna ganinta ta taga suka miƙe za su gaishe ta kamar kullum, ta wuce ba ta juya ba. Da ƙafa ta koma gida, rana tana dukanta, littafin darasinta a hammata.

Da Sama'ila ya dawo cin abincin rana ya same ta zaune a ƙofar ɗaki da hijabin makaranta a jikinta. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Ai na ce ki huta."

"Malam, me ka faɗa wa mutanen nan?"

Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Haulatu, ƙarya na yi? Ba ke kika rubuta babin ba?"

"Ni na rubuta. Sauran fa, wa ya rubuta su?"

"Ba a tambaye ni sauran ba."

"Ka ce na cusa ba da saninka ba. A kan wannan tabarmar na karanta maka shi, ka ce duk littafin babu inda ya kai shi daɗi."

"Ki saurare ni. Da na ce nawa ne, yau ba ni da aiki, kujerar nan ta tafi, ƙila ma a jefe mu da duwatsu a gidan nan. Ke kuwa mace ce, me za a yi miki? Za a yi surutu kwana biyu a manta. Na duba na ga in ɗayanmu zai ɗauki abin nan, gara wanda ba zai karye ba. Don gidan nan na yi."

"Da ka tambaye ni, ƙila da na ɗauka da kaina."

"To ai ga shi kin ɗauka. Mene ne bambancin?"

Ta dube shi ta daɗe. Babu alamar yana jin ya yi wani abu. Ya tambaya ko an sauke abinci.

Ba a manta ba. Aka ɗauki wa'azin a kaset, aka ƙara da wani sabo wanda a ciki aka ambaci sunanta da na mahaifinta, ana sayarwa a tasha har Kongolam da ke bakin iyaka. Sama'ila ya ce daga yau ba ta fita ko'ina, don tsaron lafiyarta. Matan unguwa da suke aiko 'ya'yansu ta duba musu aikin gida suka daina. Aka yi suna a gidan da ke jikin nasu, har guɗa tana ji ta katanga, ba a aiko mata goro ba. Makarantar matan aure da take taimakawa da karatun boko ranar Asabar ta aiko cewa an sami wata.

Wata Laraba Zubaida ta dawo daga makaranta ba ta cire kayan makaranta ba, ta wuce bayan ɗaki ta zauna kusa da turken akuya. Haulatu ta bi ta.

"Me ya faru?"

Yarinyar ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. "'Yan kwamiti sun zo. Aka tara mu a fili, aka ce kowa ya fito da littafinsa a yage babi na huɗu. Wani mai jan rawani ya ce ina 'yar malamar. Aka nuna ni. Ya ce ni zan fara."

"Kika yaga?"

"Na yaga, Umma. Aka yi kabbara." Ta goge hanci da gefen hijabi. "Yanzu 'yar arniya suke ce mini. Babu mai zama benci ɗaya da ni."

Haulatu ta jawo ta jikinta. Da ta gaya wa Sama'ila, cewa ya yi yara ne, kuma ai gara da aka ga 'yarsa ce ta fara yagawa, wannan zai rufe bakin mutane da yawa.

Surukarta, Hajiya Maiturare, wadda take sashen gaba na gidan, ta kira ta ɗakinta. Tana kan dadduma tana jan carbi.

"Ke 'yar nan, na ga kina ta kumbure-kumbure a gidan nan. Me aka yi miki?"

"Hajiya, ƙarya ya yi mini a gaban jama'a."

"To sai me? Mijinki ne. Mu a zamaninmu in maigida ya yi abin kunya mu muke cewa mu ne, ba sai an roƙe mu ba. Wani namijin da tuni ya ba ki takardarki don ya wanke kansa, shi kuwa ya bar ki a ɗakinki. Godiya ya kamata ki yi. Ni dama tun farko ban ga abin da ya kai mace ga tone-tonen sarakunan da suka mutu ba."

Haulatu ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," ta tashi.

Sauran begenta ɗaya ne, yayanta Malam Nu'uman, mai makarantar Islamiyya a Zango. Shi ne uba gare ta tun rasuwar mahaifinsu. Ya zo ranar wata Lahadi, ya daɗe a zaure shi da Sama'ila kafin ya shigo wurinta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo fura.

"Yaya, kai ma ka zauna a gaban Baba yana ba mu wannan tarihin. Akwai abin da na ƙara?"

"Babu."

"Kuma ka san ni na rubuta littafin nan duka. A gidanka na zauna lokacin da nake bin tsofaffi ina tambaya."

"Na sani, Haulatu."

"To ka faɗa. Kai malami ne, za a saurare ka."

Ya juya furar da ludayi bai sha ba. "Ba kowace gaskiya ake faɗa a kowane lokaci ba. Tun da kaset ɗin nan ya fito iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga makarantata. In na buɗe baki yanzu, cewa za a yi gidanmu ne gaba ɗaya. Kuma in na ƙaryata mijinki a bainar jama'a, auren naki fa? Ki yi haƙuri. Allah yana gani."

"Allah yana gani, Yaya. Kai ma kana gani."

Ya yi kamar bai ji ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce bikin 'yarsa da za a yi bayan girbi, in ba ta samu zuwa ba babu komai, kowa zai fahimta.

Daga nan ta fara ramewa. Abinci ba ya shiga. Da safe, lokacin da ta saba shiri, sai ta tsinci kanta tsaye a tsakar gida tana jin ƙararrawar makaranta daga nesa, ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta.

Ana cikin haka Sama'ila ya zo mata da magana. Ya ce ya yi ta kai-komo a kanta, kuma an sami mafita. Kwamiti ya yarda in ta zo da bakinta ta ce ta yi kuskure ta tuba, za a rufe maganar, a sanar a masallatai, ta koma ajinta.

"In tuba daga me?"

"Kalma ce kawai, Malama. Ki dubi yarinyar nan. Jarrabawar shiga sakandare tana tafe, kullum da kuka take dawowa. In ba ki yi don ni ba, ki yi don ita."

Ta dubi inda Zubaida take wanke-wanke, ta juya musu baya, kafaɗunta sun rankwafa kamar na tsohuwa. Ta ce to.

A gidan shugaban kwamitin aka yi zaman. Aka shigar da ita wani ɗaki da ke jikin zaure, aka saki labule tsakaninta da mazan. Ba ta ganin kowa sai takalma a bakin ƙofa, ta gane na mijinta a ciki, ita ta goge su da safe.

Shugaban ya yi addu'a, sannan ya ce, "Malama Haulatu, ke kika rubuta babi na huɗu?"

"Ni ce."

"Akwai wanda ya sa ki? Wata ƙungiya, ko wasu 'yan siyasa?"

"Babu kowa."

"Kin yarda kin yi kuskure, kin kuma tuba?"

Ta ce, "Na tuba ga Allah daga dukkan kuskurena."

Aka yi 'yar muhawara a kan ko wannan ya isa, wani ya ce ya isa. Sai wata murya daban, wadda ta ji an kira mai ita Alhaji Kabo, ta ce, "Allah ya gafarta malam, a tambaye ta abu ɗaya. Mijinta ya san da babin nan kafin a buga, ko bai sani ba? Ta ji tsoron Allah ta faɗa."

Ta ji tarin Sama'ila, ɗan gajeren tarin da yake yi in ya rasa abin faɗa. Kalma ɗaya ce tsakaninta da wanke kanta. Amma ta san mai tambayar ba don ita yake yi ba, kuma in ta faɗa, gobe uban Zubaida ne za a sa a kaset.

"Bai sani ba," in ji ta.

Wani ya ce Allahu akbar. Aka shafa fatiha. A hanyar komawa gida, tana bayansa a kan babur, ya juyo ya ce, "Kin ga, ba wuya."

Ba a yi wata guda ba aka ba shi kujerar. Aka ce an zaɓe shi ne saboda ya nuna addini ya fi masa iyali. Gidan ya cika da 'yan taya murna, motoci har bakin titi. Haulatu ta wuni a gindin murhu. Matan da suka daina gaishe ta suka shigo suna yi wa Hajiya Maiturare barka, suka karɓi abinci daga hannunta ba su dubi fuskarta ba.

Yanzu komawarta aiki a hannunsa take, sa hannu ɗaya ne. Ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta tuna masa.

"Haba Haulatu. Daga hawa kujera sai in fara da matata? Cewa za a yi na yi son kai. Bari a shiga sabon zangon karatu."

Aka shiga sabon zango, ya ce bari a gama zaɓen ƙananan hukumomi. A masallaci kuwa ba a taɓa sanar da komai ba. Daga bakin Zubaida ta ji an kawo wani malami an ba shi ajinta dindindin. Da ta sake tayar da maganar, ya ce ai yanzu matar sakatare ce, bai dace a gan ta tana shan alli a firamare ba, me ta rasa a gida?

Rannan da yamma ya shigo da sabon ƙunshin farar takarda da biro, ya ajiye a gabanta, yana murmushi irin na ranar balangu.

"Malama, aiki ya samu. Kwamiti ya ɗora mini alhakin fitar da sabon bugu. Sauran babi suna nan yadda suke, kowa ya yaba. Na huɗun ne ake so a sake. A nuna kafin jihadi duhu ne kawai, babu salla babu salati, sai masu jihadi suka kawo haske. Shafi kaɗan ne. Kin fi kowa sanin yadda za a tsara shi ya yi daɗin karatu ga yara."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Ni zan rubuta?"

"To wa? Kin san ni ofis ya cinye ni."

"Sunan wa za a sa?"

"Yadda yake mana. In aka ga sunanki ai an koma gidan jiya." Ya matso. "In kika yi wannan, ni kuma in duba maganar komawarki. Na yi alkawari."

Haulatu ta dubi takardun. Hannunta har ya yi ƙaiƙayi, don ta yi kewar rubutu kamar yadda ta yi kewar ajinta. Sannan ta tura su gabansa a hankali.

"Malam, hannun da ka nuna wa duniya ka ce shi ya yi ɓarna, shi kake so ya yi maka gyara a ɓoye? Na yi ƙarya dominka sau ɗaya a bayan labule, har yau ban daina istigfari ba. Ba zan yi wa yara ƙarya ba."

Murmushin ya ɓace. "Wato duk rufin asirin da na yi miki, sakayyar ke nan?"

"Wane asiri ka rufa mini?"

Ya miƙe ya tattara takardunsa. "Na ga alama zaman gidan nan ya ishe ki. Ki je Zango ki huta, in kin dawo hankalinki kya aiko. Yarinya kuwa tana nan, ba za ki ƙarasa lalata mata suna ba."

Bai sake ta ba, don saki zai jawo magana. Bai kuma je biko ba. Washegari ta hau motar Zango da akwati ɗaya. Zubaida ta riƙe mata hijabi a zaure har sai da Hajiya Maiturare ta ɓamɓare hannunta.

Malam Nu'uman ya karɓe ta, ba zai iya korar ta ba. Ya ba ta ɗakin marigayiya mahaifiyarsu da ke can ƙuryar gida, ya roƙe ta kada ta riƙa fitowa lokacin da ɗalibai suke zaure. Ga masu tambaya, cewa yake ta zo jinya.

Sabon bugun ya fito da damina. Wani aka samu ya rubuta babi na huɗu. Sauran kuwa ko wasali ba a canza ba, kuma sunan da ke bangon bai canza ba. A gabatarwa, sakataren ilimi ya gode wa Allah da ya ba shi ikon tsarkake littafinsa daga hannun da ya so ya gurɓata shi. Waɗanda suka ce a ƙone littafin suka ce sun yi nasara. Waɗanda suka ce wanda ya taɓa shi ya taɓa su, tuni suka koma rigimar zaɓe. Alhaji Kabo ya samu wani muƙamin, har an gan su shi da Sama'ila suna raha a wurin ɗaurin aure. A duk cikinsu babu wanda ya rasa aiki, ko ɗaki, ko 'ya. Rigimar da maza suka tayar a masallaci da ofis, mace ɗaya ce ta biya ta, kuma waɗanda suka miƙa ta ba baƙi ba ne, mutanen da take dafa wa abinci ne da wanda suka sha nono ɗaya. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma kowannensu yana barci lafiya.

Wata ranar Asabar da hantsi tana zaune a ƙofar ɗakin tana ɓarar gyaɗa, sai ta ji ƙaramar 'yar yayanta, Hasana, a gindin bishiyar darbejiya tana haddar darasi da ƙarfi. Babi na ɗaya ne, inda ake bayanin yadda mutanen farko suka zauna kusa da ruwa, suka yi noma, gari ya kafu. Haulatu ta tsayar da hannu. Leɓɓanta suka riƙa bin kalmomin, tana riga yarinyar isa ƙarshen kowace jimla.

Hasana ta kakare a wani wuri. Ta maimaita, ta sake kakarewa. Sai ta taso da littafin a buɗe, ta nufo ta.

"Gwaggo, mene ne ma'anar wannan?"

Haulatu ta goge hannu a zani ta miƙa.

Daga madafa uwar yarinyar ta ɗaga murya. "Hasana, zo nan. Ba babanki ya ce kada ku tambaye ta komai na makaranta ba? Ki bari ya dawo."

Yarinyar ta tsaya tana duban gwaggonta, sannan ta rufe littafin ta juya. Haulatu ta mayar da hannunta cikin kwaryar gyaɗa.